Jami'a da Maƙwabtanta: A Tanadi Fili Tun Kafin Gari Ya Cika

Jawabin kwamitin amintattu na gidauniya a taron shekara-shekara na masu bayar da gudummawa da kwamitocin masallatai na ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake tara mu a wannan shekara cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin kwamitocin masallatai, da 'yan'uwanmu masu bayar da zakka da waƙafi maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga nesa, daga Damari da Dugun Mu'azu, daga Daudawa da Yankara da Sheme, daga Ketare da Yargoje da Pauwa, duk da halin da hanyoyinmu suke ciki.

Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita yana cikin shafukan wannan rahoto, kowa zai iya dubawa. Abin da muka zaɓi mu yi magana a kansa yau wani al'amari ne da bai shiga lissafin ba, alhali kuwa yana iya sauya shi gaba ɗaya nan da shekaru kaɗan. Al'amarin shi ne fili: yadda ake yanka shi idan babbar makaranta ta zo gari ko ta faɗaɗa, da abin da ke samun mutanen da makarantar ta tarar a wurin.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana

Wani zai iya tambaya, ina ruwan gidauniyar zakka da tsarin filaye? Amsar tana cikin jerin sunayen waɗanda muke rabawa zakka. A cikinsu akwai iyalan da iyayensu ke fitar da zakkar hatsi dami-dami, yau su ne ke miƙa hannu. Wasunsu rashin tsaro ne ya raba su da gonakinsu. Wasu kuwa babu wanda ya kore su, da hannunsu suka sayar. Mun san wani gida da magada suka sayar da gonar gado ta bakin titi a kan kuɗin da bai kai na amfanin damina biyu ba, saboda wani dillali ya riga su jin cewa aikin gwamnati zai biyo ta wurin. Kafin shekara ta zagayo an yanka gonar fulotai, fuloti ɗaya ya fi abin da aka biya su gaba ɗaya, kuɗinsu kuma ya riga ya tafi a hidimar biki da sayen babur. Matar marigayin da 'ya'yanta mata ba a ma tambaye su ba. Yau suna cikin waɗanda muke kai wa hatsi a watan azumi. Don haka a wurinmu maganar fili maganar rigakafin talauci ce, rigakafi kuwa ya fi magani.

Dalili na biyu shi ne, har yau 'ya'yanmu fita suke yi neman ilimin jami'a, zuwa Dutsinma da Katsina da Zariya da Kano da Gusau, kuma babu taron da za a yi na masu kishin wannan yanki ba a roƙi gwamnati ta kawo mana babbar makaranta ko reshenta ba. Mu ma muna cikin masu roƙon. Sai dai wanda ya roƙi ruwan sama ya kamata ya gyara indararonsa. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wadda aka kafa a 2011 cikin jerin sababbin jami'o'i tara na tarayya, mazauninta na dindindin yana kan hanyar da ta nufo Ƙanƙara. Abin da ya shafi wannan hanya ya shafe mu.

Abin da muka gani a wurin maƙwabta

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Samaru ƙaramin wuri ne a bayan Zariya, an san shi da tashar binciken aikin gona tun shekarun 1920. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, sai ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, har Samaru ta zama gari mai cunkoso, katangar jami'a a hannu ɗaya, gidaje a matse a ɗaya hannun, babbar hanyar Funtuwa ta ratsa tsakani. A Kano, Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ta kuma samu sabon mazauni a kan titin Gwarzo a lokacin da wurin gonaki ne da ƙauyuka. Yau Rijiyar Zaki da Danbare da Rimin Gata sun zama unguwannin birni, gonakin da ke kewaye sun koma gidajen haya. A Katsina ma haka ne. Titin Dutsinma ya tara Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Jami'ar Al-Qalam wadda ta samu lasisi a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, kuma duk wanda ya san ƙasar Batagarawa shekaru 20 da suka wuce ya san yadda gine-gine suka cinye gonaki a wannan layi.

Babu mai musun alherin da waɗannan makarantu suka kawo. Sun samar da ilimi da aikin yi da kasuwa, sun jawo titi da lantarki. Abin lura shi ne, a ko'ina al'amarin tafiya ɗaya yake yi. Cikin katanga akwai taswira: an san inda tsangayoyi za su zauna, an san inda ruwa zai bi, an bar fili don shekaru 50 masu zuwa. Bayan katanga kuwa sai awon igiya. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a kafa turaku, kowa ya ci iyakar filinsa, lungu ya zama mota ba ta shiga, babu magudanar ruwa, babu wurin makarantar firamare, babu asibiti, babu maƙabarta. Ruwan da jami'a ta kora daga cikin harabarta sai ya faɗo kan unguwar da ba ta da hanyar fitar da shi. Idan an ɗauki shekaru, jami'a ta tashi faɗaɗawa zuwa ɓangaren filinta da ta bari ba ta killace ba, sai ta tarar da gidaje da masallatai a kai, wasu ma sun sauya hannu sau uku. Daga nan sai rusau da shari'a da gaba tsakanin makaranta da maƙwabtanta.

Bari mu kwatanta girman abin da lissafi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai kimanin murabba'in mita 465. Idan ba a bar hanya ko ɗaya ba, hekta za ta ba da fuloti 21. Idan an ware kusan kashi 30 cikin 100 don tituna da magudanai da wuraren jama'a, sai ta ba da 15. Waɗannan fulotai shida da ke tsakani su ne abin da mai awon igiya yake kwaɗayi, su ne kuma abin da unguwa za ta yi ta kuka a kansa har jikoki. Ta ɗaya ɓangaren, a ɗauka misali an karɓi hekta 500 don makaranta a wurin da kowane magidanci ke noma hekta biyu. Gidaje 250 ke nan suka rabu da abincinsu a rana ɗaya. Ƙasarmu ta kudancin Katsina ƙasar masara da auduga da waken soya da dawa ce, Daudawa ma tun zamanin Turawa aka san ta da gonar irin auduga. Irin wannan ƙasa idan aka shimfiɗa mata siminti ba ta dawowa, zakkar hatsinta ma ta tafi ke nan har abada.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Wajibi ne kwamitocinmu su san doka, domin jahilcinta shi ne jarin mazambata. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. Filayen da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ne ke bayar da izinin mallakarsu, na karkara kuwa ƙaramar hukuma na iya bayar da izinin mallaka na gargajiya. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke mallakar mutum saboda maslahar jama'a, gina makarantu kuma yana cikin abin da dokar ta lissafa a matsayin maslaha. Sai dai dokar ta shar'anta a ba mai fili sanarwa a rubuce.

Sashe na 29 shi ne wanda ya kamata kowa ya fahimta sosai. Diyyar da ya tanada ta abin da ke kan fili ce, wato gini da shuka da itatuwa masu amfani da rijiya da makamantansu, ba kuɗin ƙasar kanta ba. Ma'anar wannan ita ce, manomin da masu ƙiyasi suka zo wa da rani, gonarsa babu komai sai karan dawa, zai iya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba, ko da kuwa gonar ce ta ciyar da kakanninsa. Wanda ya dasa mangwaro ko ya kula da ɗorawa da kaɗanya da kuka a gonarsa, kuma aka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gabansa, shi ne mai abin karɓa. Sashe na 33 ya ba da damar a sake wa mutum matsuguni a maimakon kuɗi idan gidan zama aka karɓa. Saɓani kan yawan diyya akwai kwamitin rabon filaye da dokar ta ce a kai masa, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya tabbatar da haƙƙin biyan diyya ba tare da jinkiri ba. Akwai kuma dokokin 1992 guda biyu, ɗaya kan tsara birane da yankuna, ɗaya kan auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli, dukkansu sun buɗe ƙofar jin ta bakin jama'a kafin a zartar. Ƙofar tana nan, masu shigarta ne ba su da yawa.

Abin da magabata suka bar mana

Musulunci bai bar wannan babi a buɗe ba. Ya zo a ruwaya cewa filin da aka gina Masallacin Madina wurin shanya dabino ne na wasu marayu biyu, Sahlu da Suhailu, daga Banu Najjar. Sun so su bayar kyauta, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai karɓa ba sai da aka saya. Idan har wannan masallaci bai ci filin maraya ba, babu wani gini bayansa da ya isa ya ci.

A shekara ta 17 bayan hijira Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya faɗaɗa Masallacin Harami. Ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka rushe nasu, aka ajiye musu kuɗinsu a baitulmali har suka zo suka karɓa. Daga nan malamai suka fahimci cewa maslahar jama'a na iya rinjayar ta mutum ɗaya, da sharaɗin a biya shi ƙimar abinsa. Akwai kuma labarin gidan Abbas, baffan Manzon Allah, lokacin da Umar ya so shigar da shi cikin Masallacin Madina. Abbas ya ƙi, suka kai ƙara gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, hukunci ya ba Abbas gaskiya a kan shugaban Musulmi. Da ya ga an tabbatar masa da haƙƙinsa, sai ya bayar da gidan sadaka da kansa. Wannan darasi ne ga duk mai neman fili don aikin alheri. Mutanenmu ba marowata ba ne, filaye nawa suka bayar aka gina makarantu da asibitoci a garuruwan nan? Abin da ba sa so shi ne su wayi gari su ga turakun siminti a gonakinsu ba wanda ya yi musu sallama.

Littattafan mazhabarmu ta Malikiyya ma sun yi bayani. Asali ba a sayar da waƙafin fili ko da ya lalace, amma Muhtasar na Halil ya keɓe faɗaɗa masallaci, masu sharhi suka haɗa da hanya da maƙabarta, kuma aka yi umarni a sanya kuɗin a wani waƙafi makamancinsa. A nan ƙasarmu, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi na musamman, Ta'alimur Radi, kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da hurumin gari da na rijiya da na itace. Kalmar hurumi da muke faɗa yau da irin wannan fiƙihu ta shigo bakinmu. Kakanninmu sun san gari ba ya zama sai da hurumi, da burtali, da makiyaya, da mashaya, da filin Idi, da maƙabarta. Tsarin filaye ba baƙon ilimi ba ne da aka kawo mana daga waje, namu ne muka saki.

Inda ɗalibai ke kwana

Akwai wani ɓangare da mu mutanen wannan yanki ba za mu iya tsallakewa ba. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe yara sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, Allah ya dawo mana da su bayan kwana shida. A watan Satumba na 2023 an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen hayar da suke zaune a Sabon Gida, wajen harabar makaranta. Ba a yi mako biyu ba aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsinma daga gidan da suke haya a cikin gari. A waɗannan biyun na ƙarshe, masu laifin sun nufi inda ɗalibai suka watsu ne a unguwannin bayan katanga.

Dalilin a bayyane yake. Ɗakunan kwanan da ke cikin jami'o'in gwamnati ba sa ɗaukar ko kusa da yawan ɗaliban da ake ɗauka, sauran sai su nemi haya. Hayar da talaka ke iya biya kuma tana can gefen gari, inda babu fitila, babu hanya, babu maƙwabta. 'Yar mai hali tana samun gida kusa da ƙofa, 'yar manomin Sabuwa ko Faskari ita ce ke ƙarewa a ɗakin da bayansa daji ne. Iyaye da yawa da suka ga haka sun hana 'ya'yansu mata ci gaba da karatu, kuma ba ma ganin laifinsu. Saboda haka wurin kwanan ɗalibi ba abin da za a bar wa dillalai ba ne, dole ya shiga cikin taswira tun ranar farko.

Kiranmu ga hukumomi

Tun ran gini ran zane. Muna roƙon gwamnatin jiha da ƙananan hukumominmu uku da duk wata makaranta da za ta nemi fili ko ta faɗaɗa a wannan yanki, su kula da waɗannan abubuwa.

A riƙa zana unguwannin da ke kewaye da makaranta tare da zanen makarantar, a fitar da tituna da magudanai da filayen jama'a kafin a bar kowa ya ja igiya. A fifita fako da tudun da ba a nomawa a kan fadama da gonaki masu albarka. A karɓi gwargwadon abin da za a yi amfani da shi, a biya diyyarsa, a kafa masa iyaka da kowa zai gani. Ɓangaren da ba a tashi ginawa ba a bai wa masu shi na asali aron noma da yarjejeniya a rubuce, shekara-shekara, ta yadda ba zai zama maɓoyar ɓata-gari ba, ba kuma zai zama abin jayayya gobe ba. A yi ƙiyasin diyya a gaban masu gona da mai unguwa, a manna jerin sunaye a bainar jama'a, a biya kowa hannu da hannu ko ta asusunsa. Manomi ya fi bukatar gona a madadin gona, domin kuɗi ruwa ne a hannun wanda bai saba juya su ba. Kada katanga ta datse burtali ko hanyar rafi ko ta kasuwa ba tare da an fitar da wata ba, mun ga abin da toshe burtali ya haifar mana tsakanin manoma da makiyaya. A ƙarshe, a kafa kwamitin maƙwabtaka na dindindin da zai riƙa zama tsakanin makaranta da unguwanni, da liman da mai unguwa da wakilan mata a ciki.

Aikin da ke kan kwamitocin masallatai

Mu ma akwai namu. Da yawa daga filayen masallatanmu da makarantun allo da Islamiyya da maƙabartu ba su da takarda ko ɗaya. Wani bawan Allah ne ya nuna da sanda a gaban dattawa, shi da dattawan duk sun rasu. Muddin fili ba shi da daraja babu mai tayar da magana, ranar da ya yi daraja kuwa magada za su zo, kuma kotu hujja take nema. Mun rasa wani filin Islamiyya ta wannan hanya, bayan jama'a sun riga sun tara bulo.

Don haka muna roƙon kowane kwamiti, kafin taronmu na baɗi, ya rubuta duk wani fili da ke hannunsa: wanda ya bayar, da shekarar, da iyakokinsa ta gabas da yamma da kudu da arewa, da sa hannun shaidu da magada da mai unguwa. A kira safiyo ya auna, a kafa turakun siminti, a nemi takardar mallaka. Kada takardar ta fita da sunan liman ko shugaban kwamiti, domin wannan shi ke mayar da waƙafi gado. Hanyar da doka ta tanada ita ce rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, sai fili ya zauna da sunan masallaci ko na gidauniya. A kuma tuna sharaɗin da malamanmu na Malikiyya suka ƙarfafa: waƙafi ba ya tabbata sai an karɓe shi daga hannun mai bayarwa tun yana da rai da lafiya. Wanda ya ce ya bayar amma ya ci gaba da riƙewa har ya rasu, abin ya koma gado, sai fa in wasiyya ya yi, ita kuma ba ta wuce sulusi.

Limamanmu, Allah ya gafarta malam, muna roƙon a yi huɗuba kan wannan babi. A tunatar da jama'a tsananin azabar da aka yi alkawari ga wanda ya ci ko taki ɗaya na ƙasar wani. A tunatar da magada cewa ba ya halatta a sayar da gonar gado kafin a raba ba tare da yardar mata da masu kula da marayu ba, kuma abokin tarayya a gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, shi ya fi cancantar saye. A gaya wa dillalai cewa ɓoye wa mai gona labarin da zai ninka farashin gonarsa don a saye ta da arha ba wayo ba ne da za a yi alfahari da shi.

Kira ga masu hali

Ya ku waɗanda Allah ya huwace wa, mun san wasunku sun sayi filaye a irin waɗannan wurare, ciniki kuma halal ne. Muna tunatar da ku hukuncinsu. Fulotin da mutum ya saya don ya gina gidan zamansa babu zakka a kansa. Wanda sana'arsa saye da sayar da filaye ce kullum, zai ƙimanta su duk shekara tare da sauran hajarsa ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Wanda ya saya da niyyar kasuwanci ya ajiye yana jiran farashi ya tashi, a mazhabarmu zai fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar, idan kuɗin ya kai nisabi. Wanda ya sayar da gonar gado ko ya karɓi diyyarta, sai kuɗin ya shekara a hannunsa. Mai gidan haya kuwa zakkarsa tana kan kuɗin hayar da ya taru, ba kan ginin ba.

Zakka tana da mutanenta takwas, kuma a wurin mafi yawan malamai ba a gini da ita. Za mu iya biya wa ɗalibi matalauci kuɗin haya daga zakka, amma wannan shekara ɗaya yake tsayawa. Abin da ke ɗorewa shi ne waƙafi. Da Umar ya samu fili mai daraja a Haibara, shawarar da aka ba shi ita ce ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. A kan wannan tushe jami'ar Ƙarawiyyin ta birnin Fas, wadda Fatima al-Fihriyya ta assasa masallacinta a shekarar 859, da Azhar ta Alƙahira suka rayu ɗaruruwan shekaru.

Abin da muke nema a wurinku shi ne wannan. Duk mai yanka gona fulotai a bakin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ko a kan hanyar Dutsinma, ya cire fuloti ɗaya cikin kowane goma ya miƙa waƙafi tun farashi bai tashi ba. Mu haɗa su wuri ɗaya don makaranta da ɗakin shan magani da ƙarin maƙabarta. Kusa da makarantun da 'ya'yanmu ke karatu kuma, mu sayi fili mu gina gidan kwanan ɗalibai mata mai katanga da rijiyar burtsatse da mai gadi da uwar gida mai kula, shaguna a gabansa, hayar shagunan ta riƙe gyaran gidan, marayu su zauna kyauta, masu hali su biya daidai gwargwado. Wanda ba zai iya rabuwa da gidansa har abada ba, mazhabarmu ta halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci, yana iya ba mu shi shekara biyar ko goma. Wanda yake da gona a nesa da gari yana iya ba da ita waƙafin noma ga iyalan da aiki ya ci gonakinsu ko rashin tsaro ya kora. Wanda ba shi da ko ɗaya amma lauya ne ko safiyo ko mai zanen gini, ya ba mu iliminsa, muna bukatarsa kamar yadda muke bukatar kuɗi.

A namu ɓangaren, kwamitin amintattu ya ɗauki alkawarin buɗe kundi ɗaya na dukkan filayen waƙafi a ƙananan hukumomin uku, kwafinsa a hannun kowane babban masallacin Juma'a, da kuma raka duk wani gajiyayye da aka zo ƙiyasin gonarsa, don kada ya tsaya shi kaɗai. A rahoton baɗi, in Allah ya kai mu, za mu karanta muku sunayen masallatan da suka kammala takardunsu da waɗanda ba su kammala ba.

Muna roƙon Allah ya karɓi zakkarku da sadakarku, ya mayar muku da mafificin alheri. Allah ya jiƙan waɗanda suka bar mana filayen da muke sallah a kansu. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta rashin tsaro, ya mayar da kowa gonarsa da gidansa, ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke neman ilimi. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.